Man Riɗi a Haƙoran Almu Mai Raga

Almu Mai Raga hannu uku Allah ya ba shi: biyu a inda kowa yake da su, na ukun a baki. Duk wanda ya taɓa sauka bakin kogi a Mai Wurno ya gan shi zaune a gindin bishiya, ƙafa miƙe, babban yatsan ƙafar ya riƙe gefen raga, hannun dama na wucewa da allurar itace, na hagu na ɗaure ƙulli. Da ƙulli ya ɗauru sai ya sunkuya ya datse zaren nailan da haƙoran gaba, ya tofar da guntun. In dalma zai sa wa ragar don ta nutse, ita ma da haƙori yake matse ta. Akwai wuƙa kusa da shi kullum, mai kaifi ƙwarai, amma aikinta yanka kankana.

A garin aka haife shi. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ya iso bakin wannan kogi ya tsaya ya huta, kifi ya yi masa daɗi, hutun bai ƙare ba har ya tara jikoki. Almu ya shiga jirgi tun yana ƙarami, ya yi su daga nan har bayan madatsar Sinnar, sai da gwiwa ta ce ta gaji da sanyin asuba sannan ya dawo tudu ya kama gyaran ragar mutane. Ya iya kuwa. Ragar da kada ya yi wa kaca-kaca, in ta kwana biyu a hannunsa, mai ita sai ya yi ta dubawa bai ga inda aka yi gyaran ba.

Bakin nan nasa ba yankan zare kaɗai yake yi ba. Almu mutum ne mai surutu, mai ba'a, wanda ba ya iya ganin mutum ya wuce salin alin. Ya san wanda jirginsa ya kife a ruwan da bai kai cibiya ba, ya san wanda ya sayi jaki makaho a kasuwar Abu Hujar, kuma ba ya mantawa. Dariyarsa daga ciki take tasowa, ya buɗe baki har ka ga hanƙa, masu noman albasa a ƙetaren kogi su ɗaga kai. Babban abokin ba'arsa Maliki ne, mai amalanken jaki da ke kwasar kifi zuwa kasuwa. Tare suka tashi, kuma tun suna yara ba wanda ya taɓa barin ɗan'uwansa ya yi maganar ƙarshe.

To, haƙori dai ba almakashi ba ne. Shekara da shekaru nailan na cin na gaban nan biyu na sama, har ya yi musu gurbi, daga baya suka fara rawa. Na farko ya faɗi cikin azumi a kan dabino, ba tare da wata gardama ba. Na biyu ya bi dalma. Almu ya ɗauka abin dariya ne, har ya shirya yadda zai ba da labarin. Sai da ya buɗe baki ya ji iska na fita ta giɓin, kowane "sa" da kowane "shi" na zuwa da ɗan fito siriri.

Ran nan ana shan shayi a bakin kogi, yana tsakiyar labari, Maliki ya ɗaga hannu.

"Almu, don Allah ka bar hito da rana tsaka, kada ka tara muna aljannun kogin ga."

Aka fashe da dariya, har mai shayi sai da ta ajiye buta. Ba wata muguwar magana ba ce, Almu ya faɗa wa mutane wadda ta fi ta sau dubu. Amma mai ba'a yakan zo da fata marar kauri, abin da ba kowa ya sani ba. Ya yi murmushi da leɓe a rufe, ya ƙarasa shayinsa, ya naɗe ragar da ke gabansa. Washegari ya ce rana ta yi yawa a bakin kogi, ya mayar da aikinsa gida, ƙarƙashin rakuba, rumfar karan da ke tsakar gidansa. In fita ta kama dole, ya ja gefen shal, mayafin wuyansa, ya rufe baki kamar mai mura. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu. Haka aka yi ta tafiya fiye da shekara guda.

Matarsa Mairama ta shekara talatin da wani abu tana roƙon Allah ya rage wa mijinta surutu. Da addu'ar ta karɓu sai ta rasa inda za ta sa kanta. Mutum yana zaune a tsakar gida daga safe har yamma, ba ka jin komai sai ƙarar almakashi. Ta ƙona miya da gangan, bai ce uffan ba. Ta sa sabon tobe, lulluɓin matan ƙasar, ya duba ya gyaɗa kai. Gidan ya yi mata faɗi, abin ya riƙa ci mata rai, har ta kai ga ɗaukar waya ta kira ɗansu Kamal da ke aikin lantarki a Jidda, ta ce masa ko ya yi wani abu ko ita ma ta daina magana a ga wanda zai fara gajiya.

Kamal ya ce a Madani akwai masu dashen haƙori, kuma komai a wuyansa. Da aka miƙa wa Almu wayar ya saurara, ya kauda shal kaɗan.

"Dashe? Albasa ta?"

"Ya Baba, zira'a aka ce mata. Ƙusa aka sawa cikin ƙashi, a ɗora haƙori bisa. Ba ya hita, ba a cire shi a sa kofi."

Almu ya ce shi ba allo ba ne da za a buga masa ƙusa. Ya yi mako yana faɗar haka, wanda a wurin Mairama ci gaba ne, don aƙalla magana ce. Bayan nan ya sa jallabiyarsa ta Juma'a ya hau hafla, ƙaramar motar haya, zuwa Sinnar, daga can ya kama ta Madani.

Likitar sunanta Samira, 'yar Wad Haddad, ƙaramar mace mai tabarau. Kakarta Bahaushiya ce, don haka tana da Hausa daidai ta gaisuwa da ta faɗa, sauran ta cike da Larabci. Ta yi masa hoton baki, ta kashe wurin da allura, ta ɗaura ƙusoshi biyu cikin ƙashin, ta ce ya je sai ƙashi ya kama su. Watanni ya yi yana jira da haƙurin masunci. Ranar da aka ɗora haƙoran ta miƙa masa madubi. Almu ya daɗe yana kallon wani dattijo mai kama da shi a shekarun baya. Ya ce "Sinnar," ya ce "sassafe," ya ce "shinkahwa da miyar yakuwa." Ko ɗigon fito babu. Idonsa ya ciko, ya ce hasken fitilarta ne ya yi yawa.

Ta ba shi furusha mai laushi ta goge baki, da wata 'yar siririya ta shiga tsakanin haƙora, da man goge baki. Ta yi masa bayani dalla-dalla, da Hausa da Larabci da hannu: ya wanke safe da dare, musamman gindinsu inda suka haɗu da dasashi, ya dawo ta duba bayan wata shida ko da ba abin da ke damunsa, kuma zare, ko na ɗinkin hula ne, kada ya kuskura ya sa musu. Ta nuna masa hoton, ga ƙusoshin nan biyu tsaye fari fat.

"Ɗiyata, wane irin ƙarhe na?"

"Irin da ba ya tsatsa, ya Hajj. Abadan."

Almu ya gyaɗa kai cikin ladabi. A ransa kuwa cewa ya yi, duk mai sayar da ƙusa a kasuwar Sinnar haka yake faɗa. Shi ya tashi cikin jirage. Ya ga ƙusa mai kaurin yatsa ta shiga katako tana ƙyalli, damina biyu ta koma jan gari. Ya ga ƙugiya, ya ga sarƙa, ya ga injin ban ruwa. A duniyar da ya sani, ba a taɓa haɗa ƙarfe da ruwa an rabu lafiya ba, kuma abin da ke shiga tsakaninsu ɗaya ne, mai. Yarinyar kirki ce, ta san baki. Amma a Wad Haddad aka haife ta, cikin gonakin auduga, ina za ta san ruwa?

Dawowarsa gari sai da ta zama kamar ƙaramar salla. Washegari tun da hantsi ya kinkimi raga ya sauka bakin kogi, ya zauna a gindin bishiyarsa, ya yi wa Maliki murmushin da ya kusa makantar da jaki. Bashin ba'ar shekara biyu ya biya shi cikin mako guda, har da ƙari. Maliki, wanda tun ranar maganar aljannu bai ƙara jin daɗin shayi ba, ya riƙa karɓar duka yana godiya. Dokar zare kuwa Almu ya riƙe ta gam. Ya rataya ɗan almakashi a wuya, in ya manta ya sunkuya sai ya tsaya cak ya ba haƙoran haƙuri. Maliki ya ce sababbin haƙoran sun zo da takardar hutu, ci kawai suke yi ba aiki.

Sauran dokokin ne ya yi wa gyaran fuska. Furusha da ruwa a kan ƙarfe safe da dare, ai neman ɓarna ne da hannunka. Furushar ta koma kakkaɓe ƙurar rediyo, siririyar ta yi daidai da toshiyar bakin buta. Da aswaki yake goge sauran haƙoransa tas, in ya zo kan biyun nan sai ya kewaye su a hankali kamar mai kewaye baƙon da ke barci a zaure. Wajen alwala ya kurkure ta gefen kumatu, ya yi maza ya tsane su da bakin shal. Shayi ta kusurwar baki. Sannan kowace safiya ya tsoma auduga a man riɗi ya shafe su ciki da waje, har gindi, ya danna sosai yadda man zai sauka ya iske ƙusa.

Mairama ta ga man riɗinta na raguwa, ta yi bincike, ta kama shi da auduga a hannu.

"Malam, mi kaka yi haka?"

"Kiyayewa nika yi. Ƙarhe na a ciki, ba ya son ruwa."

"To miyau hwa? Ba ruwa ba na?"

"Shi ya sa nika sa mai," in ji shi, da muryar wanda ya daɗe da gama wannan lissafi.

Ta tambaya ko diktora ce ta ce a yi haka. Ya ce diktora ta ce a kula da su, ga shi kuwa yana kula. Mairama ba ta je Madani ba, ba ta ga ƙusa ba, kuma a sha'anin ƙarfe da ruwa ba ta taɓa jin an ƙaryata mijinta ba. Ban da haka, gidanta ya dawo da hayaniyarsa, ba ta son taɓa abin da ke tafiya daidai. Ta ware masa kwalbarsa daban.

Wata shida ya zo ya wuce. Almu ya ce mai lafiya me zai kai shi iyada, wato asibitin diktora, ya tsare wa marasa lafiya layi? In Kamal ya kira ya tambaya, amsa ɗaya ce, "Tamam," wato lafiya lau. Abin da bai sani ba, haƙorin dashe ba shi da jijiyar da za ta yi maka kuka da wuri. Yana nan shiru, dasashi na kumbura a gindinsa, ragowar tuwon asida da kifi na taruwa ƙarƙashin mai, ba mai korarsu. Mairama ce ta fara jin wari, ta yi kawaici, ta riƙa tura masa kanumfari. Daga nan sai jini a jikin burodi. Almu ya duba madubi ya ga gindin haƙoran ya yi ja, ya ce ai ga ta nan, tsatsa ta fara hudowa, ya ninka mai.

Wata safiya yana tsakiyar ba Maliki amsa, harshensa ya taɓa na hagun, ya ji ya motsa. Kaɗan ne, amma ya san wannan rawar, ya taɓa ganin ƙarshenta. Maganar ta mutu a bakinsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da jirginsu ya kife. Zafi bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne rumfar nan ta tsakar gida, da ƙarar almakashi, da mutane suna wucewa yana ɗaga musu hannu. Ya naɗe raga ya ce kansa ke ciwo.

Kwana biyu Mairama ta ba shi. A na ukun ya fito ya tarar ta sa tobe, ta ɗauki jaka, ta ajiye masa jallabiyar Juma'a a kan gado.

"Ina za ki?"

"Madani za mu. In ba ka tashi, in kira Maliki shi ɗauke ka bisa amalanke tare da kihi."

Diktora Samira ta duba bakin, ta sake hoto. Sannan ta cire tabarau ta tambaye shi yadda yake wanke su. Almu ya gyara zama ya yi mata bayani tiryan-tiryan, ba tare da jin kunya ba, don har lokacin yana ganin in da kuskure, to ƙila man ne bai isa ba. Ya kawo misalin ƙusar jirgi, ya kawo na sarƙa. Da ya zo kan auduga da man riɗi, likita ta juya baya tana gyara wasu kaya da ba su buƙatar gyara, kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa. Ta juyo da ido jajir.

"Ya Hajj, wallahi tun da nike aikin ga ban taɓa ganin wanda ya wahala kan haƙoransa kamarka ba. Lakin wahalar ba wurinta ta tahi ba."

Ta nuna masa sabon hoton kusa da tsohon. Ƙusoshin suna nan yadda suke. Ƙashin da ke riƙe da su ne ya zaizaye, na hagun har ya kusa rabi. Ta ce ya ɗauka turke ne aka kafa a gaɓar kogi don ɗaure jirgi: turken lafiyarsa lau, gaɓar ce ruwa ya cinye. Abin da ke cin wannan gaɓar kuwa dauɗa ce, kuma ruwa da furusha ne maganinta. Wannan Almu ya gane shi nan take, ya kuma so a ce bai gane ba.

Na dama za a iya ceto shi, in ji ta, in za a kankare gindinsa yau, a kuma riƙa wanke shi kamar yadda ta faɗa tun farko, a riƙa zuwa tana gani. Na hagu ya riga ya tafi. Sai an cire, wurin ya warke, sannan a ga ko ƙashin zai karɓi wani, ba ta yi alkawari ba. Ta yi aikinta. Da ta gama ya roƙa a nuna masa ƙusar. Ta ɗauraye ta miƙa masa a kan auduga. Ya juya ta, ya kai ta kusa da ido, ya karce da farce, yana neman ko ɗigon ja guda da zai fitar da shi kunya. Ƙusa sai ƙyalli take yi.

"Ashe gaskiya kika hwaɗa," ya ce, kuma fiton nan ya fito tare da maganar, siriri, kamar bai taɓa tafiya ba.

Sabuwar furusha Mairama aka damƙa wa, ita aka yi wa bayani a karo na biyu, ita kuma ta yi alkawarin kawo shi ko da a ɗaure. Dashe na biyun bai samu ba, don kafin wurin ya gama warkewa yaƙi ya ɓarke a ƙasar har ya iso Madani, iyadar ta rufe. Amma ranar ba wanda ya san haka.

A haflar komawa suka sami kujerar tsakiya. Almu ya zauna jikin taga, ya ja shal har hanci. An wuce gonaki, an wuce magudanan ruwa, bai ce komai ba. Mairama ta bar shi har suka gota Wad Haddad, sannan ta matso ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta dube shi ba.

"Malam, ka ji ni da kyau. Haƙori naka na, ka zubar da su duka in ka so. Amma shekara biyu na yi takaba da miji zaune tsakar gida, ina kai mai tuwo. Ba ni ƙara wata. Wallahi ba ni iyawa."

Muryarta ta karye a ƙarshe, abin da bai taɓa ji ba tun rasuwar uwarta. Almu ya kalli taga. Duk tsawon shekarun nan biyu ya ɗauka shi kaɗai abin ya sama, bai taɓa kawo wa ransa cewa shirun ya ci wani ba. Kunya ta kama shi, wadda ta fi ta man riɗi nauyi.

A kujerar gabansu akwai wani mutum mai kumburarren kunci, ɗaure da ƙyalle, da gani Bahaushe ne na wajen Damazin. Ya ji suna Hausa, ya waiwayo ya gaishe su, ya ce shi ma daga wurin mai haƙori yake. Ya dubi shal ɗin Almu da tausayi.

"Baba, kai kuma mi ya same ka?"

Almu ya dubi taga, ya dubi matarsa, har mutumin ya fara shirin juyawa. Sai Almu ya sa yatsa ya sauke shal ɗin zuwa haɓa, ya yi gyaran murya.

"Samari, ka taɓa ganin wanda ya shekara yana yi wa bakinshi sabis da man riɗi, kamar injin ban ruwa? To gyara zama, ga shi gabanka."

Fito ya cika maganar tun daga "samari" har "sabis". Wata mata a baya ta ƙyalƙyale, mai kumburin kunci ya dafe fuska yana roƙon kada a sa shi dariya, direba ya rage rediyo. Almu ya ɗaga murya don na baya su ji, ya fara tun daga dabinon azumi. Mairama ta sa gefen tobe ta share ido, ba ta ɓoye ba. Da ya zo wurin kwalbar mai ya ce rabin kwalba yake sha a wata, ta ce ƙarya yake yi, cikakkiya ce, ita ke saye.